Ramin Bawa da ke Bayan Wata

Ran 29 ga watan Sha'aban, in an idar da sallar magariba a Dogon Daji, mutane ba su cika saurin shiga gida ba. Dattawa da samari su kan fita bayan gari, inda itatuwa ba su tare ido, su fuskanci yamma, kowa ya zuba ido wajen da rana ta faɗi. Haka a ke yi a Tambuwal, haka a Kebbe, haka kuma cikin ƙauyukan da ke tsakaninsu. Wanda Allah Ya ba kaifin ido ya riga ganin jinjirin wata, sai ya nuna wa na kusa da shi, a kai magana gun hakimi, hakimi ya aika Sakkwato, Sarkin Musulmi kuwa shi ke sanad da jama'a a tashi da azumi. Wannan al'ada ba wanda bai san ta ba.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan ɗan siririn haske da su ke nema, mai kama da yankan farce, gefen wata ne na gabas da rana ta haska. Da mutum zai sami ikon tsayawa a kan wannan gefe, ya juya wa duniya baya, ya yi tafiyar kimanin mil 200, ya ɗan karkata kudu, da sai ya iske wani ƙaramin rami a bakin wani baƙin fili. Faɗin ramin bai wuce mil guda ba. A cikin littafin da masu ilmin taurari na duniya duka suka yarda da shi, sunan wannan rami Bawa. Ba laƙabi ba ne, ba kuwa kuskuren mai buga littafi ba ne. Bawa dai, irin wanda a ke kira a kasuwar Dogon Daji mutum uku ko huɗu su waiwayo.

Kafin a faɗi yadda sunan ya kai can, ya kamata a fara da yadda aka san akwai ramummuka a jikin wata, gama labarin ya daɗe, kuma malaman Musulmi na da hannu a cikinsa tun da wuri.

Ko wane yaro ya ga baƙaƙen tabban da ke fuskar wata daren sha huɗu. Mutanen dā sun yi ta gardama a kansu. Waɗansu suka ce wata madubi ne, tabban nan kuwa hoton tekunan duniya ne da duwatsunta. Waɗansu suka ce wani hayaƙi ne da ke tsakaninmu da shi. Wani malami mutumin Basra, Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan matsala kaɗai. Ya bi maganganun nan ɗai ɗai ya rushe su, hujjarsa kuwa mai sauƙi ce: tabban ba su sauya kama, ba su sauya wuri, ko daga wace ƙasa aka dube su, ko a wane dare. Abin da ke haka kuwa ba hoto ba ne, ba hayaƙi ba ne, a jikin watan ya ke. Da ido kawai da hankali ya kai ga wannan, gama a zamaninsa ba a ƙago madubin hangen nesa ba.

Irin wannan ilmi ya iso ƙasar nan tare da littattafai. Cikin watan Maris na 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, wanda mutane suka sa wa suna Abdullahi, ya sauka Sakkwato gun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin kayan da ya nuna masa har da taswirar sama. Baturen da kansa ya rubuta cewa ya tarad da Sarkin Musulmi ya san buruji goma sha biyu duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Wanda ya zo nuna abin mamaki, sai ga shi an ba shi mamaki.

Amma fiye da shekara 200 kafin wannan ziyara, ƙarshen 1609, wani mutumin Italiya da a ke kira Galileo ya ɗaga madubin hangen nesa ya dubi wata. Ya ga ashe ba sumul ya ke ba kamar tasa, yadda masu falsafa suka daɗe suna koyarwa. Akwai duwatsu masu tsawo, har ya auna tsawonsu da inuwarsu, akwai filaye, akwai kuma ramummuka zagayayyu ba iyaka, manya da ƙanana, wani cikin wani, sai ka ce fuskar wanda ya yi agana. Cikin 1651 wani malamin Kirista na birnin Bologna, Riccioli, ya buga taswirar wata, ya raba wa ramummukan sunayen shahararrun masu ilmi. Baƙaƙen filayen nan kuwa ya kira su tekuna, da tafkuna, da fadamu, ko da ya ke babu ko ɗigon ruwa mai gudana cikinsu. Sunayen suka bi su har yau. A yaba wa Riccioli da abu guda, bai manta da waɗanda Turawa suka koyi hisabi a littattafansu ba. Don haka a tsakiyar fuskar wata akwai babban rami mai sunan Albattani, malamin da ya yi aikinsa a Raƙƙa ta ƙasar Sham ya rasu cikin 929. Akwai na Alfargani, da na Assufi, da na Azzarƙali mutumin Andalus, da na Halifa Ma'amun. Shi ma Ibnul Haisam an ba shi nasa, a can gefen gabas. Sai dai an murɗe sunayen zuwa harshen Latin, har in Balarabe ya ji su ba lalle ya gane nasa ne ba.

To, an ga ramummuka, an yi musu suna, amma mene ne ya haƙa su? A nan aka yi shekara wajen 300 ana ja. Cikin 1665 wani Baturen Ingila, Robert Hooke, ya kwaɓa farar laka da ruwa, ya riƙa sakin harsashi a kanta, ya ga ko wane harsashi ya bar rami mai kama da na wata. Sa'an nan ya dafa garin wani farin dutse a tukunya, ya ga in ya tafasa ƙwayoyin iska na fashewa su bar irin wannan rami, kamar dai yadda talge ke yi in wuta ta kama shi. Ya rasa wanda zai zaɓa, daga bisani ya zaɓi tafasa, don a ganinsa ba inda duwatsu za su fito su faɗa wa wata. A zamanin nan masu ilmin Turai ba su yarda dutse na faɗowa daga sama ba. In talakan ƙauye ya zo ya ce ya gani da idonsa, dariya a ke yi masa. Sai ran 26 ga Afrilu 1803, da duwatsu wajen 3,000 suka zubo da rana tsaka a kan wani gari na Faransa mai suna L'Aigle, gaban ɗaruruwan shaidu, sa'an nan malamai suka sauko. Gani ya kori ji.

Duk da haka yawancinsu suka tsaya a kan cewa ramummukan wata bakunan duwatsu masu aman wuta ne. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Suka ce, in jifa ne, ai jifa ta kan zo a karkace, ramin da za ta bari kuwa sai ya yi tsawo kamar sawun kwale-kwale a laka, ga shi kuwa na wata kusan dukansu zagayayyu ne kamar bakin ƙwarya. Amsar wannan ba ta samu sosai ba sai da aka yi yaƙe-yaƙen duniya biyu, mutane suka ga irin ramin da bam ke bari. Dutsen da ke faɗa wa wata ba gudun jifar hannu ya ke yi ba, ba ma na harsashi ba. Ya kan zo da gudun kamar mil 12 cikin daƙiƙa guda, watau kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu ya wuce abin da mai jaki zai yi rabin yini yana tafiya. Wata kuwa ba shi da iskar da za ta rage masa ƙarfi. In abu mai wannan gudu ya ci karo da ƙasa, ba ya tsayawa ya huda ta kamar mashi. Ya kan nutsa kaɗan, zafi ya narkad da shi, ya fashe gaba ɗaya kamar rumbun albarushi. Fashewa kuwa ba ta san gabas ba ta san yamma ba, ko'ina ta ke watsa ƙasa daidai. Shi ya sa ramin ke fitowa zagayayye ko ta ina dutsen ya ɓullo, kuma ya kan ninka dutsen da ya haƙa shi sau goma ko ashirin. Rami mai faɗin mil guda kamar Bawa, dutsen da bai fi yadi 100 ba ya isa ya yi shi, cikin lokacin da bai kai na alwala ba. Irin waɗannan ƙananan ramummuka siffar akushi gare su, bakinsu ya ɗan tasa bisa filin da ke kewaye, zurfinsu kuwa sa'ad da su ke sababbi wajen kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsu.

Wani mai ilmin ƙasa na Amurka, Gilbert, ya faɗi tun cikin 1893 cewa jifa ce ta haƙa ramummukan wata, ba a kula shi ba. Abin dariya kuma, shi wannan Gilbert an kai shi bakin wani rami a jihar Arizona ta ƙasarsu, mai faɗin kashi uku cikin huɗu na mil, ga gutsattsarin baƙin ƙarfe na sama warwatse kewaye da shi, ya duba ya ce wannan kam tururi ne ya fasa shi daga ƙarƙashi. Ya gane na nesa, na gaban hancinsa ya ɓace masa. Sai cikin 1960 wani saurayi, Shoemaker, da abokin aikinsa Chao, suka sami wani irin yashi cikin ramin wanda ba ya samuwa sai an matse dutse matsi mai tsanani irin wanda aman wuta ba ya iya yi. Daga nan gardama ta fara mutuwa.

Akwai irin wannan rami a Afirka ta Yamma, a kan hanyar da kakanninmu suka sani. Fataken da ke zuwa Gwanja da ƙasar Asante sayen goro, in sun kai Kumasi, to, saura kimanin mil 20 kudu maso gabas su isa wani tafki zagayayye da a ke kira Bosumtwi, wanda tuddai suka kewaye ko ta ina, ba kogin da ke fita daga cikinsa. Faɗin kwarin mil 6 da rabi ne. Masu bincike sun tabbatar dutse ne daga sama ya haƙa shi, shekara miliyan ɗaya da 'yan kai da suka wuce, ruwan sama ya cika shi daga baya. Dalilin da ya sa irinsa ba su da yawa a duniya shi ne, nan akwai ruwa da iska da tsiro, masu cike rami su shafe shi. Manomi ya san kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini bana, in an bar shi shekara ashirin sai a neme shi a rasa. A wata kuwa ba damina, ba hunturu, ba gara. Abin da aka haƙa yana nan, sai dai wata jifar ta zo ta rufe shi.

Duk wannan ilmi a kan fuskar wata aka yi shi, ba a kan bayansa ba, domin tun da aka halicci ɗan Adam bai taɓa ganin ƙeyar wata ba. Dalili kuwa, kwana 27 da sulusi wata ke yi ya kewaye duniya, kwana 27 da sulusi kuma ya ke yi ya juya a kan kansa sau ɗaya. Misalinsa kamar mutum ne ya ke kewaya itacen kuka yana fuskantarta kullum: kukar ba za ta taɓa ganin ƙeyarsa ba. Sai dai ya kan ɗan yi rangaji dama da hagun, har a leƙi kaɗan daga gefunansa, in an tara duka a ga kashi 59 cikin 100 na jikinsa. Sauran kashi 41 a ɓoye su ke, Bawa kuwa yana cikinsu. Rangajin ya kan kawo shi kusa da gefe, amma ba ya fito da shi. Ko an kafa madubin da ya fi ko wane girma a duniya a kan tudun Dogon Daji, ba za a gan shi ba.

Rashawa suka fara yaye wannan labule. Ran 4 ga Oktoba 1959, shekarar da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta, suka harba wani kumbo marar mutum mai suna Luna 3. Ran 7 ga wata ya zaga bayan wata ya ɗauki hotuna, ya wanke su a cikinsa, ya aiko da su ta iska. Hotunan dishi-dishi ne, amma sun isa su nuna abin da ba wanda ya zata: bayan wata bai yi kama da fuskarsa ba. Baƙaƙen filayen nan da suka rufe wajen sulusin fuskar, a baya ƙalilan ne, sai tsaunuka da ramummuka birjik. Amurkawa kuma suka shiga tsere. Ƙasar nan ma ta ɗan taɓa aikin, gama sun kafa tashar sauraron kumbo a Kano, ta kuwa yi magana da John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya ran 20 ga Fabrairu 1962. Cikin Disamba 1968 mutum uku na Apollo 8 suka zama na farko da suka ga bayan wata da idonsu, cikin Yuli 1969 kuma aka taka shi. Daga wannan shekara zuwa 1972 an sauka sau shida, aka kwaso duwatsu da ƙasa kilo 382. Da aka duba su aka ga yawancin na kan tuddai farfasassu ne da suka sake mannewa, alamar duka bisa duka. Na baƙaƙen filayen kuwa narkakken dutse ne da ya ɓulɓulo daga ciki ya malale kwaruruka ya daskare, shekara fiye da miliyan dubu uku da suka wuce. Ashe masu cewa aman wuta ba su yi kuskure duka ba, wurin da suka ɗora shi ne ba daidai ba.

Tafiya ta huɗu cikin waɗanda suka sauka, watau Apollo 15 ta 1971, ita ta fi shafar labarin nan. Mutum biyu suka sauka, na ukunsu, Alfred Worden, ya zauna shi kaɗai cikin kumbo kwana uku yana kewaya wata, manyan na'urorin ɗaukar hoto na aiki a gefen kumbon. Wanda ya koya masa yadda a ke karanta ƙasa daga sama wani Balaraben Masar ne mai ilmin duwatsu, Faruk Albaz. A kan hanyar komowa, duniya na nesa da su mil dubu ɗari da casa'in da wani abu, Worden ya buɗe ƙofa ya fita waje ya ciro faya-fayan hotunan da hannunsa. Da waɗannan hotuna aka zana sababbin taswirori masu nuna ƙananan abubuwa ƙwarai, har da yankin da Bawa ya ke.

Masu zanen suka ga suna bukatar sunaye. Ƙa'ida kuwa ita ce, ba mai raɗa wa wani wuri suna a wata sai ƙungiyar masu ilmin taurari ta duniya, wadda aka kafa cikin 1919. Manyan ramummuka a kan ba su sunayen malaman da suka rasu, cikin 1970 ma an raba fiye da 500 a bayan wata. Amma 'yan ƙanana ba a so a ɓata sunan babban malami a kansu, sai aka shirya a riƙa ba su sunayen yanka irin na kowa da kowa, daga al'ummomi dabam dabam, don kada a ce wata na mutanen wata ƙasa ne su kaɗai. A taron da ƙungiyar ta yi a Grenoble ta Faransa cikin 1976 aka tabbatad da jerin, Bawa na ciki. Abin da aka rubuta gaban sunan gajere ne: sunan namiji na Afirka. Ba don wani mutum guda aka sa shi ba. Mutumin ƙasar Sakkwato dai in ya ji, ba abin da zai faɗo masa sai Bawa Jangwarzo, Sarkin Gobir na Alƙalawa, wanda ya yi zamani da farkon wa'azin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Amma Bawa mai faskare da Bawa makiyayi rabonsu cikin ramin daidai ya ke da na Sarkin. A wannan taron ne kuma aka ba Ibn Baɗuɗa wani rami a fuskar wata, matafiyin nan na Tanja wanda ya sauka Takedda cikin 1353, ya rubuta cewa daga can a ke kai tagulla Gobir da Barno.

Ga yadda unguwar Bawa ta ke. Yana arewa maso yammacin wani baƙin fili lanƙwasasshe wanda tsawonsa ya fi mil 70, sunansa da Latin Lacus Solitudinis, ma'ana Tafkin Kaɗaici. Sunan ya dace, domin ɗaya ne daga 'yan filayen narkakken dutse da ke bayan wata, tuddai farare sun kewaye shi, ba ɗan'uwa kusa. Arewa maso gabas da Bawa, dab da shi, akwai babban rami mai sunan Bowditch, Ba'amurken da ya rubuta littafin da matuƙan jiragen ruwa ke bi, ya rasu cikin 1838. Narkakken dutse ya shiga wannan rami ya cika cikinsa ya daidaita shi kamar daɓe. Kudu maso gabas akwai ƙananan ramummuka biyu, Karima da Fairuz, sunayen matan Larabawa, kudu maso yamma kuma akwai Edith, sunan matan Ingila. Dukansu ba wanda ya fi nisan mil 15 ko 16 daga Bawa, tafiyar yini guda ga mai ƙafa in da a duniya ne. Bawa shi ne autansu wajen girma. Har yanzu ba wanda ya taka wurin. Mutanen Sin sun saukad da kumbo marar mutum a bayan wata ran 3 ga Janairu 2019, wani nasu kuma ya komo da ƙasar can kusan kilo 2 cikin Yuni 2024, amma duka biyu nesa da Tafkin Kaɗaici suka sauka. Abin da a ke da shi na Bawa hoto ne daga sama, hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne.

Kada mai karatu ya zaci jifar nan ta ƙare tun zamanin dā. Ran 17 ga Maris 2013 masu tsaron wata da madubi a Amurka suka ga wani haske ya walƙa a fuskarsa, daga baya wani kumbo da ke kewaya shi tun 2009 ya sami sabon rami a wurin, mai faɗin yadi 20. Zuwa 2016 wannan kumbo ya ƙirga sababbin ramummuka fiye da 200 waɗanda babu su cikin hotunansa na farko.

Duniya ma ana jifarta ko wane dare, iska ce garkuwarta. Abin nan da a ke gani ya ja wuta ya ɓace, a ce tauraro ya faɗi, yawanci tsakuwa ce da ba ta fi ƙwayar gero ko ta gujiya ba, gudu ya sa ta ƙone tun tana sama. Wanda ya fi girma shi ke isowa ƙasa, ƙasar Hausa kuwa ta sami rabonta. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani manomi na cikin gonarsa kusa da dutsen Zagami, lardin Katsina, sai ya ji ƙara kamar aradu, iska ta buge shi, wani abu ya faɗi tim 'yan taku kaɗan daga inda ya ke. Ya dakata har ya ga ba abin da ya sake motsi, sa'an nan ya matsa, ya tarad da rami mai zurfin ƙafa biyu, da baƙin dutse a ciki mai nauyin kilo 18, watau laba 40. Aka kai shi ofishin binciken ƙasa na Kaduna. Shekaru suka wuce kafin a san ko daga ina ya ke. Cikin 1976 kumbunan Amurka biyu suka sauka a tauraron Mirrihi, wanda Turawa ke kira Mars, suka auna iskarsa. Cikin 1995 aka sami irin wannan iska daidai a kulle cikin 'yan ƙwayoyin gilas da ke jikin dutsen Zagami. Watau wata jifa ce ta haƙa rami a Mirrihi, ƙarfinta ya cilla gutsuren ƙasar can sama, ya yi ta yawo shekara wajen miliyan uku, ya zo ya ƙare a gonar Bakatsine. Cikin 1996 aka ɗauki ɗan ƙanƙanen gutsurensa aka sa cikin wani kumbo mai zuwa kewaya Mirrihi, aka mai da shi wajen gida. Haka kuma a ke tsintar gutsattsarin wata kansa, na farko da aka gane an same shi cikin ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya cikin 1982, daga baya aka sami da yawa cikin Sahara.

Bayan na Zagami wani ya faɗi a Kabo ta ƙasar Kano cikin 1971, wani a Mayo Belwa cikin 1974, wani a Gujba cikin 1984, wani kuma na baƙin ƙarfe ya faɗi da dare kusa da birnin Sakkwato cikin Janairu 2008. Waɗannan dabam su ke da abin da a ke kira gatarin aradu, wanda manoma ke tonowa a gona. Shi wannan gatari ne na gaske, mutanen dā suka wasa shi da hannunsu tun ba a san ƙira ba. Dutsen sama a kan gane shi da baƙar fata sumul kamar an gasa shi, ya kan fi dutsen gida nauyi, mafi yawansu kuma mayen ƙarfe na kama su. Ba guba gare shi ba, ba kuwa zinariya a cikinsa, saboda haka wanda ya farfasa shi don neman dukiya ya ɓata dukiyar da hannunsa. Darajarsa ga masu ilmi tana wajen a same shi yadda ya faɗo, a san rana da sa'a da wurin. Masu kuɗi ma sun farga da shi. An yanyanka dutsen Zagami, gutsattsarinsa sun watsu cikin gidajen ajiye kayan tarihi da hannun 'yan kasuwa a ƙasashe da yawa. Cikin Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutsen Mirrihi mai nauyin kusan kilo 25 a jihar Agadas, aka fitad da shi, aka yi gwanjonsa a birnin New York cikin Yuli 2025 a kan dala miliyan 5 da 'yan kai. Gwamnatin Nijar ta sa a bincika yadda aka yi ya bar ƙasar, ta kuma dakatad da fitad da irinsa. Wanda irin wannan ya faɗa gonarsa, abin da ya fi masa shi ne ya kira shaidu, ya sanad da mai unguwa da hakimi kafin baƙo mai 'yan kuɗi a aljihu ya riga su zuwa.

Saura lissafi guda, wanda mai karatu zai iya riƙewa ya bi da kansa. Yini guda na wata, daga fitowar rana zuwa wata fitowar, kwana 29 da rabi ne namu, rabinsa rana rabinsa dare. A Bawa rana ta kan fito wajen 28 ga watan Musulunci, sa'ad da wata ya ɓace mana. Daren da mutanen Dogon Daji ke bayan gari suna neman jinjiri, can hantsi ne, inuwar bakin ramin ta miƙe dogo zuwa yamma. Wajen 6 ga wata rana na tsaka, ƙasa ta yi zafin da ya fi na tafasasshen ruwa. Wajen 13 ga wata ta faɗi. Daren sha huɗu, sa'ad da farin wata ya game gari, yara na wasa a dandali, a Bawa dare ya riga ya yi, da sanyin da ba a san irinsa ko'ina a duniya ba, zai kuwa kai mako biyu. Mai tsayuwa a bakin ramin ba zai ga duniya ba ko da rana ko da dare, gama jikin watan ya tare ta, sai taurari kaɗai.